Kwanon Goggo Mai Bakin Shuɗi

Lahadi, da hantsi

Jiya aka dawo da Inna gida daga asibiti. Baba da direba ne suka ɗauko ta daga mota, ni kuma na riƙo takalmanta. Ban san me ya sa na riƙo su ba, ko ƙasa ba ta taka ba.

Ba zan rubuta sunan abin ba. Mutane suna ta faɗarsa a tsakar gida kamar sunan wani baƙo da suka saba da shi. Abin da zan rubuta shi ne bakinta ya karkace gefe ɗaya, hannunta na hagu yana kwance a cinyarta kamar na wani ne aka ba ta ajiya, kuma idan ta so kiran sunana sai ya tsaya mata a rabi. Ranar da ta faɗi tana jan ruwa ne a rijiya. Ni ina ɗaki da littafi, na kai inda saurayin yake tsaye cikin ruwan sama yana jiran a buɗe masa taga. Na ji ƙarar guga. Na ce bari in ƙarasa shafin.

Wannan ma ba zan ƙara rubuta shi ba.

Lahadi, bayan la'asar

Goggo ta fi kowa kuka. Yayar Baba ce, tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan nan da akwatinta da bakinta. Duk wanda ya zo dubiya tun daga ƙofa take tare shi: "Wayyo matar ƙanena! Mace mai kyauta, ko ƙwayar maganinta ka roƙa sai ta ba ka."

Ina tsugune ina wanke kofuna na ji ta. Da bakinta ta faɗa, a gaban mutane. Kuma suka ce Allah sarki.

Talata, da safe

Gwangwanin madarar da Inna take ajiye maganin hawan jininta yana nan a kan taga. Na girgiza shi, babu komai.

Asibiti yana da nisa, na wata guda suke ba ta. Amma bai taɓa kai wata ba. Goggo za ta leƙo da ɗankwali ɗaure tamau a goshi ta ce, "Matar gida, san min 'yar ƙwayar nan taki, kaina kamar ana sara da gatari." Inna ta ba ta. Gobe ta dawo ta karɓar wa matar mai nama. Jibi ta karɓar wa tsohuwar bayan gidanmu. Har tallarsa take yi a layi, wai maganin matar ƙanenta ba ya ƙarya. Yadda ake zuwa aron rariya haka ake zuwa aron maganin Inna.

Na taɓa cewa, "Inna, ai naki ne." Ta ce, "Yi shiru, ni kaina ba ya ciwo, ta fi ni buƙata. Kuma ta yaya zan dubi yayar mijina in ce babu?"

Na yi shirun. Shi na fi iyawa.

Alhamis, da azahar

Ma'aikacin lafiya ya zo a babur. Daga yau duk Alhamis zai riƙa zuwa auna mutanen ƙauyenmu. Ni Mai Awo nake kiransa a zuciyata. Dogo ne, yana da wani ɗan tabo a gefen gira, kuma idan zai ɗaura wa mutum abin awon nan a dantse sai ya ce "sannu" tun kafin ya matse. Da ya shigo na shige bayan ƙofa, ta tsagin katako na gan shi.

Ya ɗauki gwangwanin ya juya shi. "Yaushe rabon da ta sha kafin ta faɗi?"

Goggo ta hau gyaran tabarma.

Ya ce, "Wannan ba maganin ciwon kai ba ne, Baba. Shi hawan jini ba ya sallama. Mutum yana dariya yana aikinsa, shi kuma yana cin sa ta ciki. Kullum ake sha, ko da ciwo ko babu."

Sai ya auna kowa. Ya ce wa Baba tabar nan da shayin da cokali yake tsayawa a cikinsa don sukari za su kai shi inda ba ya so. Baba ya ce, "Yaro, ubana ya sha taba har ya ga tattaɓa kunne." Mai Awo ya yi murmushi bai ja ba. Da ya zo kan Goggo sai murmushin ya tafi. Ya sake aunawa. Ya ce nata ma ya hau sosai, idan ba ta bar gishiri da dunƙule ba, ita ce ta gaba.

"Ni? Ni da nake cin kwano biyu in tashi in yi surfe? Injinka ne ya lalace, ɗana."

Ya tambaya wa ke girki yanzu. Baba ya nuna ƙofa ya ce, "Ga ta can, Sarkin Kunya. Fito mana." Na fito ina kallon yatsun ƙafata. Ya ce na Inna a cire daban tun kafin a sa gishiri. Ya ce, "Rayuwarta tana hannunki, ƙanwata."

Ƙanwata. A littafi ma da haka ake farawa.

Alhamis, da yamma

Ita ce ta gaba. Shi ya faɗa, ba ni ba.

Asabar, da hantsi

A littafin da nake karantawa, yarinyar da aka wulaƙanta ta tafi birni, ta dawo da mota da baƙin gilashi, maƙiyanta suka zube suna neman gafara. Ni ba ni da mota. Ko baki ba ni da shi. Murhu nake da shi, da ludayi, da kwanuka.

Kowa da kwanonsa a gidan nan. Na Baba mai murfi, na Inna fari ƙarami, na Goggo mai bakin shuɗi, wanda ta zo da shi daga gidan mijinta, ba ta yarda ko kaza ta kalle shi ba. Na ɗebe miyar Inna tun tana salam, na sa wa tukunya gishiri daidai, na zuba wa kowa. Sai na tsaya a kan mai bakin shuɗin, robar gishiri a hannuna.

Ɗan kaɗan ne na barbaɗa a ciki. Na juya da cokali har ya ɓace.

Asabar, bayan la'asar

Ta dawo da shi kamar an wanke.

Litinin, da safe

Na yi wa Inna wanka, na taje mata kai. Gashinta ya fara zubewa ta gefen da take kwanciya. Na ba ta magani da hannuna, na tsaya sai da na ga ta haɗiye. Sabon maganin a cikin jakar makarantata yake yanzu, ƙarƙashin littattafai. Duk mai ciwon kai a layin nan ya je ya sa kansa a randa.

Da na kawo mata abinci ta ci loma biyu ta juya fuska bango. Na ce, "Inna, daure." Ta yi wani sauti. Ni ma na ɗanɗana, gaskiya kamar ruwan wanke hannu ne. Amma haka aka ce.

Goggo ta shigo ta ce, "Ke tashi, ba ki iya ba. Mara lafiya lallashi yake so, ba tsayuwa a kansa kamar ɗan sanda ba. Je ki ga tukunyarki." Ta ɗauko nata kwanon ta zauna gefen katifa, wai daga yau tare za su riƙa ci, ko Inna ta samu sha'awa. Ta saki labule.

Na bar ta. Ta yi ta zama gaban aikinta tana kallo.

Laraba, da azahar

Na ƙara kaɗan. Da rabin dunƙule.

Alhamis, da yamma

Mai Awo ya zo. Yau rigarsa mai ruwan ƙasa ce. Na kawo masa ruwa, garin sauri ya zuba a takalminsa, ya ce, "Kin wanke min su ke nan, na gode." Na gudu. A madafi na zauna ina maimaita maganar har miya ta kusa kamawa.

Da mu biyu ne a littafi, nan ne zai biyo ni ya ce tun ranar farko ya ga idona ta tsagin ƙofa. Bai biyo ni ba. Ya tafi gidan mai nama.

Jinin Inna bai sauka ba. Ya ce a ba shi lokaci.

Juma'a, da hantsi

Goggo ta same ni ina hura wuta. Ta ce, "'Yar nan, ashe kin iya girki haka? Duk wanda ya aure ki ya huta. Ni da na ɗauka ban da karatun ƙaryar soyayya ba abin da kika iya."

Na ce na gode.

Ta tsaya. Ta ce, "Ba kya kallona kwana biyu."

Na ce hayaƙi ne.

Ta ce, "Uhm, hayaƙi." Ta daɗe tsaye a kaina, har na ɗauka za ta faɗi wani abu. Da ta faɗa, da ta ce ko da kalma ɗaya ce, ban san me zan yi ba. Sai ta ce in rage itace, ina ɓarna.

Lahadi, da safe

Ina lura da ita. Idan ta sunkuya ɗaukar tsintsiya ina kallon ko za ta dafe bango. Idan ta yi hamma ina kallon bakinta, ko ya koma daidai. Jiya ta ce "wash" tana tashi daga tabarma, na juyo da sauri, sai na ga ƙaya ce ta taka.

Ba wai so nake ta... Ba haka ba ne. So nake ta kwanta ta kalli rufin ɗaki, ta so kiran wani sunan ya ƙi fitowa. So nake matar mai nama ta zo ta tsaya a kanta ta ce Allah sarki. Ko na yini ɗaya ne.

Ƙarya nake. Ba na yini ɗaya ba.

Talata, bayan la'asar

Inna ta fara cinye abincinta, farin kwanon tas yake dawowa. Na ji daɗi har na yi 'yar waƙa ina wanke-wanke. Sai dai ƙishirwa take ji ba kaɗan ba, ina cika mata kofi tana miƙo shi. Zafin garin ne. Ƙafarta ma ta ɗan tasa, Baba ya ce zama ne.

Ita kuwa waccan ko ruwa ba ta cika nema ba. Jikin wasu kamar dutse.

Laraba, da hantsi

Cokali guda cur.

Alhamis, da yamma

Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Mai Awo ya auna Inna, ya cire, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Sai ya kira ni waje, gindin bishiyar ƙofar gida. Mu biyu. Sau nawa na tsara wannan tsayuwar a raina, har da kalar mayafin da zan sa.

Ya ce, "Ƙanwata, faɗa min gaskiya. Tana shan magani?"

Na ce kullum, da hannuna.

"Abincinta fa? Ba kya ɗan saka mata gishiri don tausayi?"

Na ce wallahi ko ƙwaya ɗaya. Hawaye suka zo min, na tsani kaina.

Ya ce, "To akwai inda yake shiga. Jininta ya fi na makon jiya hawa. Ba zan ɓoye miki ba, idan ya ci gaba a haka zai iya sake buge ta, kuma na biyu ba ya yin sauƙin na farko."

Muka koma ciki ya auna Goggo. Sai ga shi yana dariya. "Ah, Goggo! Ke da kika ce injina ya lalace, ga shi naki ya sauko. Me kike ci haka?"

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Abin da aka ba ni."

Ya juyo ya ce min, "Duk abin da kike ba Goggo, ki ci gaba."

Alhamis, da magariba

Ban gane ba. Ko gishirin ne jabu?

Juma'a, da safe

Na lasa. Ba jabu ba ne.

Juma'a, bayan azahar



Na kai musu abinci kamar kullum, na fito, na yi kamar na tafi rijiya. Sai na zagaya bayan ɗakin na leƙa ta taga.

Farin kwanon yana cinyar Goggo. Tana tura abincin a baki tana yatsina fuska, tana kora shi da ruwa. Mai bakin shuɗin kuma yana gaban Inna, Goggo tana ɗebowa da ɗaya hannun tana hurawa tana sa mata a baki. Tana cewa, "Ci, matar gida, ci mai daɗin. Ni zan shanye wannan ruwan banzan kada 'yar sandarki ta gane."

Ban san lokacin da na zagayo ba. Labulen ma a hannuna ya tsinke. Na fizge kwanon na yi jifa da shi tsakar gida, kaji suka watse. Ni da ko sallama sai an ce in ɗaga murya, yau har maƙwabta sun ji ni.

Na ce, "Bai ishe ki ba? Kin shanye maganinta, kin raba wa duk layi, kin kwantar da ita, yanzu kuma ƙarasa ta za ki yi?"

Goggo ta miƙe. Na ɗauka mari ne, na ma miƙa fuskar. Sai ta ce a hankali, "Kin ɗauka ban sani ba? Kin ɗauka ina barci tun da yaron nan ya juya gwangwanin nan a gabana?" Ta share hanci da bakin zane. "Ba ta ci, 'yar nan. Ina kallo tana ramewa. Ran farko ɗan lasa mata na yi, shi ke nan, kullum sai ta kama bakin kwanon da hannunta mai lafiya ta ƙi saki. In fizge? Matar da ban taɓa roƙonta abu ta ce babu ba? Na ce ai gishirin gida ne, ɗan kaɗan, me zai yi?"

Ɗan kaɗan.

Ta fita ta ɗauko kwanonta, ya lotsa a gefe, fentin ya ɓare. Ta lakaci abin da ya rage a ciki ta sa a harshe. Ta daɗe tana kallona. Ta shiga madafi, na ji ta buɗe tukunya, na ji ƙarar ludayi. Ta fito. Ta sake kallona.

Ta gane gishirin kwanonta ba irin na tukunya ba ne. Ta wuce ɗakinta ta rufe ƙofa.

Asabar, da safe

Ban yi girki ba. Baba ya sha shayinsa ya tafi gona yana faɗa, wai gida ya cika da mata amma babu mai dafa ruwa.

Asabar, da yamma

Goggo ba ta faɗa wa Baba ba. Jira nake ta faɗa, ta tara min layi kamar yadda ta iya. Ta ƙi. Wannan ma wata muguntar ce.

Ita ta fara. Ko a gaban wa zan faɗa, ita ta fara. Da ba ta taɓa gwangwanin nan ba da babu ɗaya daga cikin wannan. Ita ta fara. Na rubuta shi sau uku, ga shi ina kallo, kuma ƙafar Inna tana nan a kumbure.

Litinin, da azahar

Tukunya ɗaya na dafa, babu gishiri babu dunƙule. Robar gishirin na kai wa matar mai nama na ce kyauta ce. Baba ya kai loma ɗaya ya ajiye. "Wannan fa? Ni ma an ce na faɗi ne?"

Kafin in buɗe baki Goggo ta ce, "Ci haka, kai ma ba yaro ba ne. Kana tafe kana tari kamar tsohon injin niƙa." Ya yi ƙunƙuni ya ci.

A faranti ta ci nata. Kwanon yana kife a kan katanga. Ban yafe mata ba, kuma ban ga alamar tana nema ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ya zo, ban ma lura da rigar da ya sa ba. Ina tsaye a kansa har ya gama. Ya ce ya ɗan sauko, ba yadda yake so ba, amma ya juyo. Ya ce, "Kin gano inda yake shiga?" Na ce e. Bai tambaye ni ta ina ba.

Da ya tafi na kai wa Inna abinci. Ni kaɗai, na saki labulen da na ɗinke. Ta ci, a hankali, tana haɗiyewa da ƙyar, har ta kusa cinyewa. Ina goge mata baki sai ta kamo hannuna na dama. Na ɗauka shafawa za ta yi. Ta ajiye shi a kan cinyarta, ta baje yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta dube ni da idon nan nata da bai canza ba. Ita ta koya min girki. Ta san awon hannuna fiye da ni.

Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta buge nawa.

Ba ƙarfi a ciki, ko sauro ba zai mutu ba. Ta sake ɗagawa da ƙyar, ta sake bugawa. Na uku bai ɗagu ba. Sai na riƙe mata gwiwar hannun na taya ta ɗagawa.